Abin da aikin tashar jirage ya koya mini

Na ajiye aiki ƙarshen watan jiya, kuma waɗanda muka zauna ofis ɗaya a Gombe sun san ba albashi ne ya kore ni ba. Maganar faɗaɗa tashar jiragen ruwa na shaƙatawa ce a bakin madatsar ruwan Dadin Kowa.

Mai kuɗin yana so a ƙara tsawon matsayar jirage, a kewaye gaɓar da waya, a kafa rumfunan baƙi. Ni aka tura awo. Na rubuta cewa ruwan madatsa ba ya zama wuri ɗaya: ana sakin sa saboda injinan lantarki masu megawat 40, ga masu noman rani, ga famfon garin Gombe. Inda jirgi ke tsayawa a watan Satumba, kafin Afrilu ya zama laka. Na kuma rubuta cewa wurin da za a killace nan masunta ke fitowa da kwale-kwale, nan ne mashayar shanu. Jirgi mai inji kuwa in ya bi ta kan raga, mai ita sai ya ci bashi kafin ya sake wata. Balle dorina, wadda duk ɗan yankin ya san ba a wasa da ita.

Ogana na ofis ya karanta ya ce, "Kai mai tsara gari ne ko lauyan masunta?" Ya zare shafukan nan, ya bar sunana a bangon rahoton.

Ranar zama da jama'a, Sarkin Ruwa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in an sa wayar, mu ta ina za mu kai ga ruwa?" Oga ko gezau bai yi ba, ya nuna ni ya ce yaron da ya yi awo bai kawo masa wannan ba. A gaban dattawan da na sha furarsu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga ƙannena masu shigowa: duk abin da kuka miƙa wa na sama, ku riƙe kwafi mai kwanan wata. Takardar fili ba ta ba mutum ruwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, amma madatsar tana ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama, wadda ta tarayya ce. Dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta tanadi jin bakin jama'a, to a ji shi kafin a zana taswira. A yi awo da rani.

Aikin dai yana nan a tsaye. Na ji oga yana gaya wa mutane wai masunta ne ba sa son ci gaba.