Na zaɓi makarantun likitanci da taswira a hannu

Shekarar da na fara neman gurbin karatun likitanci a Amurka, abin da ke raina shi ne barin jihar da nake. Sanyinta ya ishe ni, kuma yayata tana Teksas da mijinta da 'ya'yanta. Duk hirar da za mu yi a waya sai ta ƙare da, "To ƙanena, yaushe za ka dawo kusa da mu?" Saboda haka da na zauna rubuta sunayen makarantu, taswira na buɗe. Na zana da'ira a kan birnin Houston na Teksas, na shiga ƙirga makarantun da mota za ta kai ni gidan Yaya daga cikinsu kafin dare ya yi. Cikin makarantu 17 da na nema, tara na Teksas ne.

Makina a MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, 511 ne, a ma'aunin da ke farawa daga 472 ya tsaya a 528. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ba abin kunya ba ne. Na duba matsakaicin makin waɗanda makarantun nan ke ɗauka, na ga ina cikin sahu, na kwanta da murna.

Abin da ban duba ba shi ne wa suke ɗauka. Dokar Teksas ta taƙaita wa makarantun likitanci na gwamnatin jihar yawan baƙin da za su karɓa: kada su wuce kashi 10 cikin 100 na aji. Sauran kujerun na 'yan jiha ne. Ke nan ni ba da matsakaicin ɗalibi nake takara ba, da zakarun sauran jihohi nake kokawar 'yan kujerun da suka rage, kuma waɗannan makinsu kan ɗara na 'yan gida. Hatta hanyar neman ma tasu daban ce, TMDSAS, alhali yawancin makarantun ƙasar ta AMCAS ake bi. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni cewa na shiga gonar da ke da shinge, amma mai son abu ba ya ganin aibinsa.

Kuma ba Teksas ce kaɗai ba. Makarantun gwamnati kusan duka suna fifita 'yan jiharsu, don harajin jihar ne ke riƙe da su, jihar kuma likitocin da za su zauna take so. Jami'ar Washington, alal misali, tana da tsari da jihohin Wyoming da Alaska da Montana da Idaho, wanda ake kira WWAMI, mafi yawan kujerunta na mutanen wannan yankin ne. Makarantu masu zaman kansu ne galibi ba su damu da adireshinka sosai ba, sai dai kuɗinsu ya tsorata ni na tsallake yawancinsu. Duk wannan bayanin yana nan a kundin MSAR da AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci na Amurka, ke fitarwa: 'yan jiha nawa suka nema, nawa aka kira ganawa, nawa suka shiga aji, haka ma baƙi. Na biya kuɗin kundin, na karanta layin maki kawai.

Kowace makaranta kan aiko da nata ƙarin tambayoyin da nata kuɗin, wanda sau da yawa kan kai dala 100. Akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa: mece ce alaƙarka da jiharmu? Na rubuta labarin Yaya da yaranta har sau tara, ina canza kalmomi. A lokacin gani nake hujja ce mai ƙarfi. Yanzu na gane cewa masu karantawa suna neman wanda ya yi makaranta a wurin, ko ya yi aiki a asibitocinsu, ko iyayensa na can. Ziyarar hutun ƙarshen shekara ba ta shiga lissafi.

Ganawa biyu aka kira ni, duka a jihar da nake gudu. Ɗaya ta sa ni a jerin jira har bazara ta wuce. Shekara ta tafi.

Malamar da ke ba mu shawara a jami'a ce ta warware min abin. Ta ɗauki takardata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai likita kake son zama, ko ƙaura kake son yi? Dukansu halal ne, amma ba takarda ɗaya ake cike musu ba." Na ce, "Malama, duka biyun." Ta ce to in zaɓi wanda zai fara. In ƙaura ce, in tattara in koma Teksas, in kama aiki, in zauna wata 12 a jere har in cika sharuɗɗan zama ɗan jiha, sannan in nema. In likitanci ne, in nemi inda ƙofa ta fi faɗi, ƙaura ta biyo baya. Ta kuma tuna min cewa makarantu da yawa ba sa karɓar makin MCAT da ya wuce shekara uku, nawa kuwa ya riga ya ci ɗaya da rabi.

Maganarta ta gaba ce ta fi zauna min. Shekara huɗu na makaranta ba su ke yanke inda likita zai zauna ba. Bayansu akwai horon ƙwarewa a asibiti, shekara uku zuwa bakwai gwargwadon fanni, kuma a watan Maris na shekarar ƙarshe ake raba waɗannan guraben ta tsarin da ake kira Match. Fiye da rabin likitoci a jihar da suka yi wannan horon suke ci gaba da aiki. A nan ne adireshi ba ya ɗaure mutum kamar yadda yake yi a matakin shiga makaranta, kuma ɗan shekarar ƙarshe yana iya zuwa wani asibiti a wata jiha ya yi wata guda, su san fuskarsa da aikinsa.

Wanda aure ko jinyar iyaye ya tilasta masa zama a wuri ɗaya, ina ganin ƙaurar farko ta fi masa, ko da za ta ci shekara. Ni ba abin da ya ɗaure ni sai kewa da ƙin dusar ƙanƙara.

Zagaye na biyu na miƙa takarduna a makon farko na Yuni, don ana cike kujeru ne tun daga kan waɗanda suka riga zuwa. Na sa dukan makarantun jihata, da masu zaman kansu guda goma da na tabbatar suna ɗaukar baƙi da yawa, na bar biyu kacal a Teksas don kada rai ya yi ta min ƙorafi. Wadda ta ɗauke ni tafiyar minti 40 ce daga ɗakin da na zana da'irar nan.

Yaya ta yi shiru a waya da na gaya mata, sannan ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta tambayi ko har yanzu ina da rigar sanyin da ta saya min. Yanzu ina shekara ta uku. Jiya na cike takardar neman yin wata guda a sashen yara na wani asibiti a Houston, na rubuta adireshin gidanta a layin masauki.