Kafin Ka Sayar da Fadamar

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Mabera, ya ce zai sayar da fadamar albasar da ya gada a Wurno ya buɗe rumfar POS. "Kawu, zamanin fartanya ya wuce," in ji shi, idonsa na kan waya.

Haka na faɗa wa yayana a 2002, shekara guda bayan zuwan GSM. Na sayar da kasona, na sayi layi biyu, na kafa lema da teburi kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, minti ɗaya naira 50. 'Yan albasa suna jeruwa a gabana domin su ji farashin Legas kafin su yi lodi. Da kuɗin na yi aure na sayi babur, saboda haka ba zan yarda a kira abin wauta zalla ba. Sai Glo ta kawo lissafin daƙiƙa a 2003, layi ya yi ta araha har ɗan dako ya mallaki nasa, na koma korar ƙuda a ƙarƙashin lema. Wanda ya sayi gonata har gobe yana cika buhuna.

Ban ɓata lissafi kan inda ƙasa ta dosa ba. Tun da aka sake ƙididdige arzikin Najeriya a 2014, an ga cewa sadarwa da ciniki da sufuri da bankuna da makamantansu sun kai kusan rabinsa, sun kuma zarce man fetur nesa ba kusa ba. Abin da na kasa gani shi ne, hidimar da kowane mai kuɗi zai iya farawa gobe da safe ba ta daɗewa. Maƙwabcina a kasuwa da ya duƙufa koyon gyaran waya, muna yi masa dariya, yau yara ne cike da shagonsa.

Na ce wa ɗan ƙanwata: kada ka sayar da fadamar nan. POS ya yi tashe ne a wahalar takardun kuɗi ta 2023, yanzu kowace kwana akwai rumfa. Ka koyi abin da hannu ke riƙewa, in kuna da haƙurin zama wata shida gaban maigida, abin da nake shakka, domin ku yaran yanzu jinin Fir'auna gare ku wajen gardama, ga son na banza. Amma kuma in noman ba ya ranka, gara ka ba da ita jingina ka tafi, kada ka zauna ka ɓata ƙasa mai kyau.

Ya ce in sa hannu a matsayin shaida. Na ce ya dawo bayan Juma'a.