Dara a Darasin Lissafi

Ina koyar da lissafi a aji biyar na firamare. Yara 58 gare ni, kwamfutar kuma guda ɗaya ce, tawa ta hannu. Da na yi niyyar koya musu yadda ake tsara wasa irin na kwamfuta, ban fara da ita ba. Waje muka fita, gindin darbejiya, muka haƙa gurabun dara: layi 5, kowane layi gurbi 6.

Yawancinsu sun san dara, suna ganin dattawa na yi a ƙofar gida. Na ce kowane rukuni ya rubuta dokokinta a takarda, yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi. Na kuma zaɓi wata yarinya ta zama "kwamfuta": ba ta yin komai sai abin da aka rubuta, ba ƙari ba ragi.

Nan aka yi ta. Rukunin farko sun rubuta, "Ka matsar da ɗanka zuwa gurbin kusa." Yarinyar ta ɗauki tsakuwa ta matsar da ita a karkace. Wurin ya kaure da ihu. "Malam, ai ba a haka!" Ta ce, "To ina kuka rubuta?" Suka koma suka gyara: gaba, baya, dama ko hagu, kuma sai gurbin ba kowa. Sau 4 suna gyara wannan doka ɗaya. Wannan shi ne ainihin aikin masu rubuta manhaja, su faɗi abu filla-filla, su gwada, su gano inda ya karye. Raina ya yi fari ganin yadda yaran da ke tsoron jan biro suka riƙa neman kuskurensu da kansu.

Lissafin kuwa shi ya kawo kansa. Don su daina cewa "wancan gurbin", sai suka ba kowane suna da lambar layi da lambar gida. Gurabu 30, kowa da 'ya'ya 12, saura 6 babu kowa. Sai na tambaya: wurare nawa ne za a iya jera uku a ci? Kwana biyu suna ƙirga. Wani yaro da ba ya cika magana ya lura cewa kowane layin kwance yana da 4, kowane na tsaye 3. Ya ninka, 20 da 18, ya samu 38. Ban koya masa wannan hanyar ba.

A mako na uku na buɗe musu Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda ake jona umarni kamar jera bulo, kuma tana aiki ko babu intanet. Filinta daga -240 yake zuwa 240 a kwance. Da suka ga magen da ke cikin manhajar tana tafiya hagu idan an sa mata -10, lambobin ƙasa da sifili suka zauna musu fiye da duk zanen da na taɓa yi a allo.

Abin da ke damuna shi ne layin jiran kwamfuta. Kowane rukuni minti 7 yake samu, batirin kuma ba ya kai mu tashi. Don haka dokarmu ita ce, ba mai taɓa kwamfuta sai ya gwada umarninsa a ƙasa tukuna. 'Yan matan sun ce mako mai zuwa dokokin carafke za su rubuta.