Yaron da ke sayen alli ɗaya-ɗaya

Shagona yana wani ƙauye a kan hanyar Yokaduma zuwa Mulundu, gabashin Kamaru, inda motocin katako ke wucewa su bar mu cikin jar ƙura. A ƙarshen ƙauyen akwai zangon Baka, mutanen kurmi masu farauta da tsintar abincin daji. Nan na san wani yaro da ke zuwa kowace Litinin ya sayi alli guda ɗaya. Ba kwali ba, guda ɗaya tak.

Ranar da na fara raina boko na wannan yankin, shi ya jawo. Mun shiga daji neman icen gyaran rumfa, ya tsaya ya nuna min wata 'yar jijiya siririya da ta nannaɗe bishiya, ya ce akwai doyar daji a ƙasa. Ya tona da tsinin sanda, sai ga ta. Can gaba ya ɗaga kai yana saurare, ya ce akwai zuma a sama. Ni ko ƙudan zuma ɗaya ban gani ba. Wannan yaron ne malaminsu ya faɗa min, a gabansa, wai kansa ba ya ja.

To ta ina zai ja? A gida Bakanci yake ji, ajin farko kuwa Faransanci ake zuba masa daga safe har azahar. Yaran maƙwabta su ƙi zama benci ɗaya da shi, wai yana warin hayaƙi. Ga kalandar makaranta, daga Satumba zuwa Yuni, ba ruwanta da ta kurmi. In mangwaron daji ya fara zuba da damina, iyali kan tare a daji suna fasa ƙwallo, wasu sai an buɗe makaranta da makonni suke dawowa. Da rani kuma ga doguwar tafiyar da suke kira molongo. Kafin yaro ya dawo, an yi masa nisa, sai bulala ko maimaita aji.

Tun shekarar 2000 gwamnati ta ce firamare kyauta ce. Kyautar da sai ka biya kuɗin ƙungiyar iyaye, ka ɗinka yunifom, ka sayi littattafai. Ni da nake saida littattafan ba zan yi ƙarya ba, ribata a ciki take. 'Yan mishan na Katolika sun ɗan yi dabara da tsarinsu na ORA, inda ake fara wa yaro da harshensa kafin a kai shi Faransanci, amma ba kowane zango ke da irin wannan ajin ba.

Duk da haka yaron nan ya lallaɓa har aji shida. Da jarrabawar kammala firamare, wato CEP, ta zo, aka ce sai da takardar haihuwa. Shi kuwa a bukkar ganye aka haife shi, tafiyar kwana biyu daga titi. Uwarsa ta ce lokacin zuma ne, iyakar abin da ta riƙe ke nan. Aka ce sai an bi ta kotu. Na yi alkawarin raka ubansa Yokaduma, kasuwa ta riƙe ni, har aka rufe rajista. Wannan laifina ne.

Yanzu yana aiki a gonar kokon wani maƙwabci. Makon jiya ya shigo da zuma a ƙunshe cikin ganye, ya ajiye kan teburi. Na ce, "Ɗana, nawa?" Ya ce ba kuɗi yake so ba, in ba shi allo da alli, ƙanwarsa za ta fara a Satumba. Na tambaye shi ko tana da takarda. Ya yi shiru yana kallon sikeli.