Talata da dare: soket mai haƙora 72 da ya ƙi zama

Milimita 0.04 ne ya hana ni sakat yau. Auta ya shigo da rana yana murna, soket ɗin da ya yi oda saboda na'urar wasan hannun da yake haɗawa ya iso. Allon lantarkin na'urar ya riga ya tashi, hoto na fita a ƙaramin gilashin, maɓallai na amsawa. Abin da ya rage kawai inda kaset ɗin NES, tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, zai zauna. Ya zura kaset, wasa ya fito. Ya ɗan karkata na'urar a hannu, hoton ya tarwatse ya zama ɓaraguzan launi. Ya cire ya mayar, sai gilashin ya yi fari fat.

"Yaya, ai haƙora 72 ne cif, na ƙirga. Ko dalmar ce ba ta kama ba?"

Na ce masa kafin ya taɓa dalma ya miƙo ma'aunin kalifa, mai auna ƙananan tazara. Ba a auna tazarar haƙori ɗaya da na kusa da shi, don ido da hannu ba sa rarrabe 2.50 da 2.54. Daga tsakiyar haƙorin farko ake ɗauka zuwa tsakiyar na ƙarshe a jere guda. Jeren yana da haƙora 36, wato giɓi 35 ke nan. A jikin kaset ɗin NES tazarar milimita 2.50 ce, tsawon ya kama 87.5. Soket ɗin Auta kuwa ya ba da 88.9, wato irin na 2.54 ne, wanda aka saba sa wa allunan kwamfuta. Bambancin ya taru ya kai milimita 1.4. Ko kaset ya zauna a tsakiya daidai, haƙoran gefe biyu sun goce da 0.7 kowanne, kamar a haɗa matsefi biyu da ba tsara ɗaya ba: na tsakiya su dace, na baki su hau kan juna. Ga shi kuma a bakin ne wutar take, fil (wato haƙori) na 36 shi ne volt 5, fil na 1 da na 72 su ne layin ƙasa. Shi ya sa wani zubin ta yi, wani zubin ta ƙi.

Bai gamsu ba. Ya ce ai mai sayarwar ya rubuta 72 ɓaro-ɓaro. Gaskiya ne, bai yi ƙarya ba, adadin kawai ya faɗa. Akwai kuma abu na biyu da na nuna masa, kaurin allo. Allon da ke cikin kaset ɗin NES milimita 1.2 ne, soket na gama-gari kuwa an yi bakinsa ne don allo mai 1.6. Haƙoran ba sa matse kaset yadda ya kamata. A na'urar da ke ajiye kan tebur wannan sakin zai iya wucewa ba a lura ba. A wadda ake riƙewa ana danna maɓalli da ƙarfi, ana juyi da ita, ba zai wuce ba.

Yanayin lalacewar hoton ma yana faɗin inda cutar take. Idan wasa na tafiya, sauti na fita, amma zane ya hargitse, layukan da ke kai wa guntun zane ne ba su taɓa ba. Idan gilashin ya tsaya da launi ɗaya babu motsi, a duba layukan ƙwaƙwalwar na'urar ko wutar kanta.

Sai ya tambayi abin da kowa ke tambaya, me zai hana a ciro na tsohuwar NES. Na asalin 1985, mai ƙofa a gaba, soket ɗinta katon abu ne mai lanƙwasa, baki ɗaya na cin allon na'ura, ɗayan na cin kaset, kuma an tsara shi ne a danna kaset ƙasa kafin ya kama. A cikin akwatin da za a riƙe a hannu zai cinye wurin batir. Wanda ya dace shi ne miƙaƙƙe, irin na NES-101 ta 1993 da ake zura wa kaset ta sama, ko irin wanda ake ƙera wa na'urorin kwaikwayo. Ana samun sababbinsu, sai dai kafin a biya a nemi zanen ma'auni daga mai sayarwa, a ga 2.50 a rubuce da ido. A duba tsayin jikinsa ma, domin allon kaset a lume yake cikin roba, gajeren soket ba zai kai ga haƙoran sosai ba.

Da ya ambaci wata NES-101 mai aiki da wani ke son rabuwa da ita, raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gama washewa ba. An daina ƙera waɗannan na'urori tuntuni. Duk wadda aka farke don a ciri soket ɗaya ta tafi ke nan, kuma cire fil guda 72 daga tsohon allo ba tare da an ɗaye layukan tagulla ba aiki ne da ba kowa ke gamawa lafiya ba. Sau da yawa a rasa na'urar, a kuma narkar da robar soket ɗin. In dole sai an ciro, a nemi matacciyar da ta riga ta gagara gyara, a yi aiki da famfon tsotse dalma da wadataccen fulos, man da ke sa dalma ta malala, fil bayan fil, kada a ja sai kowanne yana motsi da kansa. Mai rai kuwa a ƙyale ta ta ci gaba da wasa.

Sauran hirar kan wayoyi ce. Allon Auta na tsarin Famicom ne, wato NES ta Japan, mai fil 60, don haka ba a jona ɗaya da ɗaya. Daga cikin 72 ɗin, guda 15 ba su da aiki a nan: goma na faɗaɗawa, daga 16 zuwa 20 da 51 zuwa 55, huɗu na guntun kulle mai hana kaset marar lasisi aiki, 34 da 35 da 70 da 71, sai na 37. Saura 57. Abin da ake yawan mantawa shi ne sauti. A Famicom sauti na fita ta fil na 45 ya ratsa kaset ya dawo ta 46. Kaset ɗin NES ba ya yin wannan, sai a haɗe biyun da guntuwar waya a kan allo, in ba haka ba wasa zai tashi shiru.

Wayoyi su zama gajeru, tsayi kusan ɗaya. Tsohuwar igiyar IDE ta cikin kwamfuta mai layi 40 tana yi da kyau, biyu sun isa. Kafin a sa kaset mai daraja a bi kowane layi da mitar gwajin wuta, a kuma gwada kowane fil da maƙwabcinsa ko dalma ta haɗe su. Fil na 1 yana fuskantar na 37, na 36 yana fuskantar na 72. Wanda ya fara ƙirga daga ɓangaren da ba shi ba zai tura volt 5 inda ƙasa take, kaset ya ƙone. Sannan kada dalma ta ɗauki nauyin turi da ja, a ɗaure soket da sukurori a jikin akwati, a yi wa kaset hanya ta gefe biyu.

Na 2.54 ɗin mun ajiye shi a aljihun tebur.

Maganar batir ba mu gama ba. Kaset na son volt 5, ƙwayar litiyam tana ba da 3.7, sai an sa ƙaramin allon ɗaga wuta, kuma Auta bai bar masa wuri a zanen akwatin ba. Zai sake zanen idan ma'aunin sabon soket ya zo.