Rasit ɗin 'yan sari da gadon da na yanke

A ranar 1 ga Yuli, 2020, Saudiyya ta ɗaga harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Jidda, muna kula da manhajar da ke fitar wa 'yan kasuwa rasit, wadda aka rubuta da Java, yaren rubuta manhajar kwamfuta. A cikinta akwai babban aji, wato wani ɓangare na manhajar, mai ɗauke da aikin lissafa haraji, sauran azuzuwan rasit kuwa magadansa ne, duk abin da ya iya suna samunsa ba tare da an sake rubuta musu ba. Muka gyara adadin a babban ajin, muka tashi da kwanciyar hankali.

Kwana biyu bayan haka wani mai sarin turare ya kawo rasit na kayan riyal 2,000, an rubuta masa haraji riyal 100 a inda ya kamata a ga 300. Babban abokin aikina, Bahaushe haifaffen Makka, ya jawo kujera kusa da ni, ya buɗe ajin 'yan sari, ya ɗora yatsa a kan layi guda. "Ƙanena, wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Yaya."

Shekara guda kafin nan an buƙaci a riƙa cire rangwame kafin haraji, sai na sauya aikin da ajin ya gada, wanda halas ne, domin don haka aka tanadi damar. Kuskurena shi ne na kwafe lissafin uban gaba ɗaya har da kashi 5 ɗinsa, maimakon in cire rangwamen kawai in miƙa ragowar ga uban ta kalmar super, wadda magaji ke kiran aikin ubansa da ita. Tun daga ranar magajin ya daina jin duk gyaran da aka yi a sama, kuma alamar @Override da na dogara da ita ba ta tsare ni ba, tunda iyakar aikinta ta tabbatar cewa aikin da nake sauyawa yana nan a wurin uban.

Gyaran layi uku ne, amma bin rasit ɗin da suka riga suka fita ya cinye mana yini guda. Yanzu kafin in taɓa aikin da aji ya gada, nakan tsaya in ware abin da ya bambanta magajin da ubansa, in rubuta wannan kaɗai, sannan in canza adadi a sama da gangan in ga ko ya sauko har ƙasa.