Yadda na sayi PS5 ina zaune a Guangzhou

Duk wanda ya ji kana zaune a Chaina ɗauka yake komai na lantarki a ƙofar gidanka ake zubar da shi, to a kan waya da caja da fitila mai sola akwai ƙamshin gaskiya, amma maganar gem daban take. Ni sana'ata haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya in tura kago, da dare ya yi babu abin yi sai kallon bango, shi ya sa a ƙarshen 2023 na ce bari in samu PS5, wato na'urar gem ta PlayStation, in riƙa buga ƙwallo da ƙannena da ke gida. Hanya uku ce a gabana: in sayi ta nan cikin Chaina, in sayi ta Hong Kong, ko in sa wani Alhaji da ke biyowa ta Dubai ya riƙo min.

Ta cikin Chaina na fara dubawa don ita ce a bagas, kana shiga JD, kasuwarsu ta intanet, ka danna gobe tana ƙofarka, da rasit da garanti. A watan Mayun 2021 ta fito a nan kan yuan 3,899 mai cin faifai, marar faifai 3,099, daga baya a 2022 aka ƙara kuɗin ya koma 4,299. Matsalar ba a kuɗin take ba. Ƙasar nan sai da ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori tun daga 2000 har zuwa 2014, kuma ko da aka buɗe ba sakin jiki aka yi ba, kowane wasa sai hukuma ta duba ta amince kafin ya shiga shagonsu na intanet. Don haka PS5 ɗin da aka yi wa kasuwar Chaina akawun ɗin Chaina kaɗai take karɓa, shagon nata kuma wasannin ciki ba su taka kara sun karya ba, je ka nemi wasan GTA a ciki ka gani. Faifan wata ƙasa tana ci, wannan ba laifi, amma ni da nake son in shiga onlayin in lallasa ƙanena me faifai kaɗai zai tsinana min?

Masu shaguna suna da dabararsu. Akwai wani laoban, wato mai shago da yarensu, da nake sayen kayan kwamfuta a wurinsa, ya ce in kawo ya buɗe min ita, za su zuba mata ajiyar wata na'ura mai akawun ɗin Hong Kong a ciki, shi ke nan sai ta riƙa karɓar na waje. Kuma wallahi mutane da yawa haka suke yi yana musu aiki. Ni dai hankalina bai kwanta ba, saboda ranar da aka goge na'urar aka mayar da ita sabuwa ta koma gidan jiya, kuma ni ba a Guangzhou zan dawwama ba, in abin ya faru ina Kano wa zan kai wa?

Ta Dubai kuwa ban daɗe a kanta ba. Harajin da ake mayar wa baƙo a filin jirgi kashi 5 ne kacal, ga ɗora wa dattijo kwali mai girma haka a kan nasa kayan, ga garantin da ba zai yi min amfani a nan ba. Na bar ta.

Saura ta Hong Kong. Can babu harajin saye, kuma jirgin ƙasa mai gudu daga Guangzhou zuwa tashar West Kowloon ta can bai fi awa ɗaya ba, a unguwar Sham Shui Po akwai Golden Computer Arcade inda gem ya yi gida. Sai dai mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi biza ta daban kafin ya tsallaka, bizar Chaina ba ta shigar da kai. Ashe ma ba sai na je ba, irin na Hong Kong ɗin suna nan jibge a shagunan Guangzhou da kasuwar intanet ta Taobao, bambancin kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne. Abin da ka rasa shi ne garantin kamfani, in ta samu matsala sai dai a mayar da ita can, ko ka dogara da alƙawarin mai shago. Na auna na ga gara in rasa garantin shekara ɗaya da in rasa akawun na shekara da shekaru.

Da na je ɗauka ban tsaya jin bakin kowa ba, juya kwalin na yi na nemi lambar samfurin, wadda take farawa da CFI. Lambobi biyu na ƙarshe kafin harafin su ne suke tona asiri: 09 ta Chaina ce, 18 ta ɓangaren Hong Kong da su Singafo, 00 ta Japan, 15 ta Amurka, 16 ta Turai da ƙasashen Larabawa. Na sa aka buɗe a gabana na gwada lambar jikin na'urar da ta kwali, sannan na zaro wayar wuta, sai ga filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda yake shiga soket ɗinmu na gida ba sai da adafta ba. A nan Chaina ne ma na buƙaci wata wayar wutar, kuma irin mai baki biyu ce ta rediyo, kuɗin shayi. Wutar kanta babu fargaba, na'urar tana ɗaukar daga 100 har 240, ko daga Japan ka kawo ta ba ta neman taransifoma.

Abin da ya fi cin min tunani bai ma shafi ƙarfen ba, akawun ne. Ƙasar da ka zaɓa ranar da ka buɗe akawun ɗin PlayStation ba ta canzuwa, babu wani wuri a saiti da za ka je ka gyara. Najeriya kuma ba ta cikin jerin ƙasashen, shi ya sa za ka ga yaran gidan gem wannan ɗan Amurka ne wancan ɗan Ingila alhali ko Abuja ba su taɓa zuwa ba. Katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na ƙasar akawun ɗin, haka ƙarin kayan wasa da ake saye daga baya, in faifanka na Turai ne ka sayi ƙarin a shagon Hong Kong ba lallai su ga juna ba. Ni sai na buɗe biyu: na Hong Kong don katinsa yana da sauƙin samu a nan da manhajar biyan kuɗi ta Alipay, da na Amurka don shi ne katinsa ya fi yawo a gida, kuma shi na mayar babba, duk wasan da nake so in tsufa da shi can nake saya.

Intanet ɗin nan ma sai da ya gwada ni. Sabar wasannin a waje take, in ba ka biya kuɗin manhajar ƙara gudu irin su UU ba, za ka buga fas ɗan wasan ya amsa bayan an riga an ƙwace. Ko da ita ɗin, tsakanina da Kano nisa nisa ne, ƙanena ya ci ni ya ce iyawa ce, ni na ce netwok ne, har yau ba a raba gardamar ba.

Mai cin faifai na ɗauka kuma ban yi da-na-sani ba. Wasa guda sai ya haura gig 100, wanda ya san kuɗin data a gida ya san me nake nufi, faifai kuwa ka ara, ka yi musaya, ka sayar. Sabuwar PS5 siririyar da ake cire mata wurin faifan tana buƙatar intanet sau ɗaya don ta yi rajistar shi, to wannan a shago na sa aka yi kafin in fito.

Yanzu kusan duk wata sai wani ya turo saƙo, "Yaya don Allah a taho min da PS, an ce can ta fi araha." Tambayar da nake fara yi ita ce ya je Beirut Road a Kano ya ji farashi tukuna. Sau da yawa in ka haɗa kuɗin kago da canjin yuan da abin da kwastan za su iya nema, ratar ba ta kai a ɗauki kasadar kwali ya sha jifa a hanya ba, ga shi wanda ya saya a gida yana da shagon da zai koma ya yi ƙorafi ido da ido. Wanda ya nace ina sayo masa mai lamba 18, in saka ta a jakar hannu, in kuma ce masa kada ya kuskura ya jona ta kafin ya sayi stabilaiza.